Jarkar Ruwan Malta

Ni mutum ne mai son a ce ya iya tafiya. Tun ina Gusau nake da wannan ciwon, da na zo Doha kuma ya ƙaru, domin a nan kowa ya taɓa hawa jirgi, sai ka dage kafin a san da zamanka. Saboda haka ranar da ogana ya kira ni ofis ya ce kamfani zai tura ni kwas Malta, ban tambaye shi ina ce Malta ba. Na gyaɗa kai kamar can nake zuwa cin kasuwa duk mako, na fito na shige banɗaki na buɗe taswira a waya. Sai da na yi ta buɗa ta da yatsu kafin na hango wani ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa, ƙasa da Italiya.

Aikina gyaran ƙofofin shiga filin wasa ne, masu juyawar nan da ake haska musu tikiti su buɗe. A shekarar da za a buga Kofin Duniya mu ne 'yan lelen kamfani, har ruwan sanyi ake kawo mana wurin aiki ba mu roƙa ba. Waɗanda suka haɗa manhajar ƙofofin suna Malta, ana son mutum ɗaya ya je ya koyo yadda ake lallashinsu in sun ƙi buɗewa. Wanda aka shirya zai je wani ɗan Indiya ne, gwajin korona ya kama shi ana gab da tafiya. Wannan ɓangaren ban kai shi gidanmu na Mesaimeer ba. Can cewa na yi an tankaɗe kamfanin gaba ɗaya, ni na rage a rariya.

A wurinmu ba a tafiya babu sallama, ni kuwa na yi ta har da ƙari. Na bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, na tsaya bakin masallaci bayan la'asar, har mai shagon da nake sayen burodi sai da ya ji cewa zan leƙa Turai. Kowa da saƙonsa, wani cakulan, wani rigar ƙwallo. Na ce wa kowa in sha Allahu. Sallama ɗaya ce na bari sai ƙarshe, don ita kaɗai ce mai nauyi, wato ta Sista.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga wani gari kusa da Jos, ta kusa haihuwata. A farkon annoba, lokacin da ciwon ya kayar da ni aka kai ni inda ake killace mutane, ban san fuskar kowa ba, duk suna cikin farin kaya da takunkumi da gilashi. Zazzaɓi ya sa ina ta kiran Innata da ƙarfi, sai na ji ɗaya daga cikin fararen kayan ta ce, "Sannu, ƙanena, Inna tana nan lafiya, kai dai ja numfashi." Ita ce ta riƙa kifa ni rub da ciki in numfashi ya ƙi, ita ta riƙe mini waya a kunne Innata ta yi mini addu'a daga Gusau. Da na fara cin abinci, ta ɓoyo mini gwaten acca a ɗan kwano. Allah ne ya tashe ni, amma da hannunta ya tashe ni, kuma tun daga lokacin duk wata nake zuwa gaishe ta.

Na same ta ranar Juma'a a gidan da suke haya da wasu nas-nas a Al Gharrafa, ta dawo daga coci ke nan, don a Doha Juma'a ce ranar hutu, ni ma na sauko daga masallaci. Na zauna na gyara murya na ce zan je Malta, ina shirin yi mata bayanin inda take a taswira. Sai na ga ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Malta? Kai, ƙanena, Malta za ka?"

Ashe ta riga ni sanin wurin da shekaru. Ta ce a littafinsu akwai wani manzo da aka ɗauko a jirgin ruwa, jirgin ya fashe a gaɓar tsibirin, kuma har yau akwai wurin da ake cewa nan ne. Maigidanta malamin makaranta ne, mai koyarwa a coci kuma, ya daɗe yana burin ganin wurin. Sun shirya za su je tare in ta samu hutu, sai annoba ta zo aka rufe sama. Ya rasu a gida cikin kullen, ba ta samu jirgi ba. A waya ta kalli jana'izarsa, a ɗakin da suke canza kaya, sannan ta mayar da takunkumi ta koma kan marasa lafiya. Da na auna lokacin a raina sai na ga ina cikin waɗanda ta koma kansu. Ban taɓa sani ba sai ranar.

Na ce, "Sista, me zan kawo miki daga can? Ki faɗi ko mene ne."

"Ba na son komai. Ka je wurin, ka tsaya, ka duba da kyau. In ka dawo ka zo ka gaya mini yadda yake. Shi ke nan."

Na ce to. Amma a raina na riga na fassara maganar. Ni Bahaushe ne, na san in babba ya ce kada ka wahalar da kanka, kara ce yake yi maka, ba umarni ba ne. Ba wanda ke faɗin tsarabarsa da bakinsa. Innata ma duk zuwana gida cewa take ba ta son komai, amma in na buɗe jaka idonta na kan atamfar.

Da na koma gida na kai maganar gaban abokin ɗakina, wani dattijo daga Zangon Kumasi, direban bas. Muna ce masa Alhaji don ya sauke farali, shi kuma yana ce mini Injiniya in yana son ya tsokane ni. Ya saurara yana gugar rigar aikinsa, sannan ya amsa da Hausarsa ta Zango da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Injiniya, matan nan ya fid da kai daga kabari, kai za ka kawo mashi labari? Labari ana sha ne? In mutum ya je wuri mai tsarki, me yana kawowa?"

Na ce, "Ruwa."

"Khalas, magana ta ƙare. Mu muna da namu, su ma suna da nasu. Wurin bakin teku ne, ruwan yana nan kyauta. Ka cika jarka ka kawo mashi."

Nan take na ga hikimar. Na taɓa zuwa Umra, na ga yadda ake dawowa da zamzam, jarka a naɗe cikin leda da kwali, ga wurin karɓarta na musamman a filin jirgi. Ban tsaya na tambayi kaina ko Sista ta taɓa ambatar ruwa ba. Ni da Alhaji muka zauna a ɗaki muka yanke wa addinin mutane hukunci, muka tashi muna yaba wa juna basira.

Aka zura mini tsinken gwaji a hanci har na ga taurari, sakamako ya fito lafiya, na rataya 'yar kwalbar sanitaiza a jikin jaka kamar kowa, na hau jirgi. Na sauka cikin wani sanyi da jaket ɗin da na saya a kasuwar Doha bai san da irinsa ba. Kwas ɗin kansa ba abin ba da labari ba ne. Ɗaki ne mai tagogi a rufe, da wani saurayi mai gemu yana nuna mana zane a bango. Abin da na fi riƙewa shi ne in ƙofa ta ƙi, a kashe ta a kunna, wanda kuwa na sani tun ina gyaran rediyo a Gusau.

Ana tashi da rana, ni kuma sai in fantsama gari. Babban birnin duk dutse ne mai launin ƙuli-ƙuli, tituna ƙanana masu hawa da gangara, in ka tsaya a kan kowanne sai ka hango ruwa a ƙarshensa. Gidajen suna da barandar katako a rufe, kore da ja da shuɗi, tsofaffin mata suna leƙowa ta ciki. Coci kuwa ko'ina ka juya ga ƙubba, ƙararrawa na bugawa daga nan wata na amsawa daga can. A bas in suna magana sai in ji kamar Larabci, in kasa kunne in kama lamba ɗaya ko biyu, sauran ya zille mini. Na ce wa wani direba yalla, wato mu tafi da Larabci, ya yi dariya, na ƙudurta a raina cewa na iya yarensu.

Hoto dai na ɗauke shi. Na tsaya gaban ƙofar gari, gaban kwale-kwale masu ido a goshi, gaban wata kyanwa da ke barci a kan igwa, ko'ina hannu ɗaya a aljihu ina kallon nesa kamar mai shirin sayen tsibirin. Duk wanda na ɗauka sai ya isa Mesaimeer da Gusau kafin in bar wurin. A wani lambu da ke kallon tashar jiragen ruwa na ga mutane sun taru da tsakar rana, wayoyi a sama, na kutsa gaba don kada a bar ni a baya. Ban san igwa ake shirin harbawa ba, al'adarsu ce ta kullum. Da ta tashi, Turawa suka yi tafi. Ni mutumin Zamfara ba na jin ƙarar bindiga in tsaya ɗaukar hoto, sai ganina aka yi a bayan wata tukunyar fure, takalmi ɗaya a ƙafa.

Haka na yi ta ɗage zuwa wurin da Sista ta aike ni, yau gobe, har ya rage mini yini ɗaya. Ban damu ba, a ganina aikin ɗan lokaci ne, a ɗebi ruwa a juyo. Na hau bas zuwa arewacin tsibirin, na sauka a garin da aka sa wa sunan manzon. Teku na hannun damana, ina jin ƙararsa da ƙarninsa, amma ban ko waiwaya ba, domin ba ni da jarka tukuna. Na juya masa baya na shiga lunguna ina neman shago. Na samu na kayan gini a rufe, sun tafi cin abincin rana, abincin da ba sa gaggawarsa. Na zauna a dakalin shagon ina kallon bango har mai shi ya dawo. Jarka iri ɗaya ce gare shi, ja, ta zuba man kwale-kwale. Na ce sabuwa ce ai, ba komai.

Sai da rana ta karkata na iso bakin ruwa. A Doha teku kamar ruwa a baho yake, ɗumi, kwance, yara na wasa a ciki, kuma shi kaɗai na sani. Wannan ba yashi, duwatsu ne masu kaifi da gansakuka kore a jikinsu, iska na tsaga kunne, ruwan baƙi-baƙi yana zuwa ya daki dutse ya koma. Na cire takalmi, na naɗe wando kamar zan yi alwala, na sauka kan wani dutse na tsuguna. Na tura jarka cikin ruwa, ta ƙi nutsewa, ta yi ta tasowa. Na sa hannu biyu na danna ta da dukan ƙarfina, na sunkuya sosai ina jin tana ɓul-ɓul, ina murna.

Ban ga igiyar da ta zo ba. Na ji dai an kwashe ƙafafuna, sai ga ni cikin ruwa har wuya, sanyin ya ɗauke mini numfashi ɗif. Ban iya iyo ba, a Gusau ko gulbi Innata ba ta bari in je. Na rungume jarkar a ƙirji, ita ce ma ta hana ni nutsewa, ruwa na buga ni da dutse yana janye ni. Na yi salati, na kira Inna. A cikin wannan halin har na samu sararin tunanin abin da za a faɗa a Mesaimeer, cewa korona ta bar shi, ya je ya mutu wurin ɗibar wa Kirista ruwa. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda rabona da shi tun gadon asibiti.

Wani tsoho ne da ke kamun kifi can gefe ya miƙo mini sandar ragarsa. Yana ta yi mini ihu in saki jarkar in kama da hannu biyu, ni kuma na ƙi, na kama da ɗaya. Ya ja, ya tsine mini da yarensu, ya sake ja, har na dafe dutse na fito da rarrafe, ƙaurina na jini. Daga wata baranda a tsallaken hanya wata tsohuwa na ta zabga faɗa, ban san ko da ni take ko da shi ba. Matarsa ce.

Suka shigar da ni wani ɗaki a ƙasan gidansu, inda yake ajiye kwale-kwale da raga. Lokacin nan mutane ba sa barin baƙo ya taka musu ƙofa, ko gaisawa daga nesa ake yi, ga shi takunkumina ya bi ruwa. Na nuna fuskata ina ba da haƙuri, tsohuwar ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ta jawo hita mai aiki da gas ta kunna, wuta ta kama ja, ta zaunar da ni a gabanta kan wani akwatin kifi, ta lulluɓa mini bargo mai warin kananzir. Haƙorana na ta haɗuwa. Ta hau sama ta dawo da shayi a kofin gilashi da wandon wani, ta ce na ɗansu ne da ke ƙasar waje. Ta wanke mini ciwon da wani abu mai zafi, na yi ƙara, ta ƙara zubawa.

Da na dawo hayyacina tsohon ya nuna jarkar ya tambaye ni da Turanci me nake yi da ruwan teku. Na ba su labarin Sista da maigidanta, da asibiti, da yadda ba a komawa gida hannu rabbana. Suka kalli juna. Tsohuwar ta taɓa goshinta da ƙirjinta. Tsohon ya ɗauki bokiti mai igiya ya fita da jarkar, ya tsaya a kan dakalin siminti inda ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba, ya jefa ya jawo kamar mai ɗiba a rijiya, ya cika ta ya kawo mini. Dakalin yana nan tun ɗazu, kusa da inda na ajiye takalmina.

Na koma masauki a bas, cikin wandon da bai kai mini idon sawu ba, jarka tsakanin ƙafafuna tana kwacal-kwacal. Sai a hanya na tuna an ce akwai wani ɗan tsibiri a gaban garin da mutum-mutumin manzon a kansa, kuma ban ɗaga kai na neme shi ba. Na ce a raina ba komai, ai ga babban abu na samo.

Washegari a filin jirgi na yi ta zagaye ina neman wurin da ake karɓar ruwa. Ban gani ba, na ɗauka ƙaramar ƙasa ce, sun haɗa da wurin kaya. Na ɗora jan jarka a kan ma'auni, matar da ke wurin ta ja kujerarta baya.

Ta ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce ruwa.

"Wane irin ruwa?"

Na ce na teku, amma mai tsarki ne, daga wurin manzonsu na ɗebo. Na faɗi haka da fara'a, ina jiran ta ji daɗi. Ta kira abokin aikinta, shi ma ya kira wani mai kaki. Aka buɗe, aka shinshina, aka tambaye ni ko na san jarkar fetur ce. Ba su yi mini wulaƙanci ba, mai kakin ma yana ta cije leɓe don kada ya yi dariya, amma sun ce ba za ta hau jirgi ba ko ta sama ko ta ƙasa. Na ce a Jidda ana karɓa. Ya ce nan ba Jidda ba ce.

A banɗakin filin jirgin dabara ta zo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na zubar da sanitaizar da ke 'yar kwalbata, na ɗauraye ta, na cika ta da ruwan, sauran na tuttular a magudana ina jin kamar in yi kuka. Kwalbar ta wuce bincike ba wanda ya kalle ta. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne hannuna. Annoba ta koya masa aikinsa, ba ya neman izinina. Na taɓa ƙarfen matakala, na matsa na murza. Na karɓi fasfo, na matsa na murza. A filin da muka canza jirgi, na shiga nan na fita can, ina ta murzawa. Sai da aka kawo abinci a jirgi na biyu, na ɗauki burodi na ji gishiri a yatsuna, sannan na duba. Ko ɗigo bai rage ba.

Alhaji ya yi dariya har ya kwanta a kan katifa, ya manta sarai da cewa shawararsa ce. Kowa a gidan ya samu cakulan ɗinsa. Sista kuwa na kasa zuwa. Ba ruwa, ba kuma abin da ta aike ni, domin ban duba ba. Na ɓuya a bayan aiki, kuma aikin akwai shi, gari ya fara cika da tutoci, ana ta gwajin filaye, a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib an liƙa alamu ko'ina na nuna wa baƙin da ba su iso ba hanya. Ta turo saƙo, "Ƙanena, ka dawo lafiya?" Na amsa da cewa lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ba ta sake tambaya ba, wannan shirun nata ya fi damuna.

Da kunyar rashin zuwa ta fi ta zuwan, na shirya wata Juma'a. A hanya na buɗe waya na haddace hotunan wurin da wasu suka ɗauka. Na kai mata cakulan da wani ɗan faranti mai zanen tsibirin, ta yi godiya ta ajiye su a gefe ba ta ko juya farantin ba. Ta zuba mini gwate, ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta haɗa hannuwa a cinya.

"To, gaya mini."

Na fara. Na ce akwai wani ɗan tsibiri, da mutum-mutumi fari a kansa ya ɗaga hannu, ruwan shuɗi ne garau, ga kwale-kwale jere. Ta bar ni na ɗan yi nisa sannan ta ɗaga hannu.

"Wannan duk na gani a waya, ni da maigidana mun sha kallonsa. Kai me ka gani?"

Na kalli kwanon gwaten. Sannan na ce, "Sista, ni ban ga komai ba. Ruwa na je ɗebo miki."

Na ba ta labarin tun daga shawarar Alhaji, da shagon da ke rufe, da jan jarka. Ta fara dariya tun a nan. Da na kai filin jirgi da sanitaiza ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo ni, me zan yi da ruwan gishiri? Miya zan yi da shi?" Har wata abokiyar zamanta ta leƙo ta ga ko lafiya. Ni ma na yi dariyar, amma raina ba daɗi, don na san na zubar mata da abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona.

Ta share ido da gefen zaninta, ta ce, "Tsaya, koma baya. Ka ce ka faɗa ciki. Ruwan da sanyi?"

"Sista, ban taɓa jin irinsa ba. Numfashi ma ɗaukewa yake."

"Yashi ne ko dutse?"

Na ɗage ƙafar wando na nuna mata tabon. Ta sunkuya ta duba shi da idon aikinta, ta danna gefensa da yatsa. Ta tambayi yadda igiyar ke yi, na ce tana buga mutum da dutse ta janye shi, ta sake dawo da shi. Ta tambayi iskar. Ta tambayi wa ya fid da ni, na gaya mata tsohon da sandarsa, da tsohuwar da ke faɗa daga baranda. Na ce sun shigar da ni gidansu ba su san ni ba, ba takunkumi, ina ɗigar da ruwa, suka kunna wuta suka zaunar da ni a gabanta.

"Wuta suka kunna maka?"

"Ta gas ce, irin hitar nan."

Dariyar ta bar fuskarta gaba ɗaya. Can ta ce, a hankali, "Ashe har yanzu haka suke."

Ban gane ba, ta yi mini bayani. Ta ce a littafin, da jirgin ya fashe, mutane sun fito wasu da iyo wasu a rungume da katako, ga sanyi ga ruwan sama, fursunoni da baƙin da ba a san asalinsu ba. Mutanen tsibirin ba su tambaye su komai ba, suka hura wuta suka karɓe su. Ta ce nan ne wurin da maigidanta ya fi so, in ya zo kansa a coci sai ya rufe littafin ya yi ta magana har mutane su fara duba agogo. Ba mutum-mutumin yake son gani ba, so yake ya ga ko jikokin mutanen nan sun gaji kakanninsu.

Sai ta fara kuka. Na san matar nan a wurin da mutane ke mutuwa kullum, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ba ta rufe fuska ba, ta bar shi yana zuba, hannuwanta na nan a cinya. Ni ma idona ya cika, sai sannu nake ta yi mata.

Da ta ɗan lafa ta ja numfashi, ta gyara zama.

"Ƙanena, sake gaya mini. Daga inda suka shigar da kai ɗakin. Kada ka tsallake komai, bargon ma wane launi ne?"

Na rufe ido na nemo shi. Ruwan toka ne, da jan layi a bakinsa, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Na gaya mata, na ci gaba daga nan.